Wandon Merv Tolhurst

Merv Tolhurst ya bugi ƙirji a mashayar garinsu ya ce ba a yi gwamnatin da za ta tatse shi ba. Ka dai san tun watan Yuli aka ƙara kuɗin duba kayan da ake shigowa da su, wai mai kaya shi zai ɗauki nauyin hana ƙwari da baƙin iri shiga ƙasa. Kowane minti goma sha biyar da farashinsa. Shi kuwa gogan ya sayo tsohon injin ɗaure ciyawa daga New Zealand, ga shi can a tashar jiragen ruwa ta Brisbane.

"Kuɗin minti goma sha biyar ɗaya tak zan biya," in ji shi. "Ku rubuta ku ajiye."

Matarsa Noelene ta tuna masa ciyawa na kwance a gona an yanke, an kuma ce ruwa na tafe ran Asabar, in ta jiƙe shanunsu sai dai su ci iska bana. Ta ce ya biya masu wanke inji a huta. Ina! Sarkin dabara ya ce ai surukinsa ya riga ya wanke shi can da tiyon ban ruwan fulawa.

Ran Laraba ya isa tashar da agogon tsere rataye a wuya. Jami'ar duba kayan wata Misis Galea ce, gajeriya, da tocila da ɗan tsinke. Kafin ta taɓa injin, bawan Allah ya tsare ta da wa'azi kan zaluncin sabon kuɗin. Ta yi ta gyaɗa kai har minti arba'in. Sai da ya tsaya haɗiye miyau ta gaya masa agogonta ya fara tun daga gaisuwa. Merv ya duba nasa, ashe bai ma danna ba.

Da ta tafi ɗauko tsani, sai ya leƙa ƙarƙashin injin. Suruki dai fenti kawai ya wanke. Busasshiyar ciyawa ce cunkus, da 'ya'yanta. Merv ya yi wuf ya cusa a aljihun wandonsa, ya ƙara, ya sake ƙarawa. Ko da ta dawo aljifan sun kumbura kamar kumatun gafiya, na hagu kuma a huje yake, iri na ta zuba kan takalminsa.

"Mista Tolhurst, mene ne wannan?"

"Tawa ce, daga gida na zo da ita."

"To ta cuɗu da ta waje. Cire wandon."

Ya yi magiya, ya yi barazana da ɗan majalisa, duk agogon na ta ƙirga masa kuɗi. Aka buɗe wa wando takardarsa daban, da lambarsa, da kuɗin dubansa. Inji aka tura layin wanki. Merv ya tuƙa mota awa biyu zuwa gida sanye da doguwar rigar takarda da aka ba shi.

Ran Asabar ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Gaskiya ranar ya ba ni tausayi, yana tsaye a baranda yana kallon abincin shanunsa na ruɓewa.

Amma mai hali ba ya barin halinsa. Ran Litinin aka bugo waya aka ce kayansa sun fito, bai tsaya jin sauran ba ya kashe. Ya yi hayar babbar tirela, ya aika mashaya kowa ya fito ƙarfe huɗu ya ga yadda maza ke ƙwato kayansu.

Ƙarfe huɗu kuwa sai ga tirela, fitilu na walƙiya, Merv ya nutse a kujera ba a ganin komai sai hularsa. A tsakiyar makeken bayan tirelar nan, leda ce guda ɗaya da wando a ciki, an tamke ta da sarƙa huɗu. Direban ya ce shi kaya aka biya shi ya ɗauko, kuma ba ya hawa titi da kaya a sake.

Noelene ta zagaya motar a hankali, ta ƙwanƙwasa gilashi.

"Sauko da shi in goge maka, Merv. Da shi za ka bi maƙwabta roƙon ciyawa gobe."