Rasuwar Uwar Garken Zauren Malam Zailani

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma 'yar kunyar da ta ƙi ɓoyuwa, Malam Zailani Abdulbaƙi na Limancin Kona, cikin birnin Zariya, yake sanar da 'yan'uwa da ɗalibai rasuwar babbar kwamfutarsa, wadda aka fi sani da Uwar Garke. Ta cika ranar Talata da hantsi a kusurwar zaurensa, inda ta yi rayuwarta duka ba ta taɓa leƙa ƙofar gida ba.

Marigayiyar ta kasance mai riƙon amana. A cikinta Malam ya juye karatun mahaifinsa, marigayi Malam Abdulbaƙi, wanda aka yi shekara da shekaru ana ɗauka a kaset, tun daga babin tsarki har rabon gado. Da ya gama juyewa sai ya jibge kaset-kaset ɗin a ɗakin shirgi, danshi da gara suka raba su a tsakaninsu.

Ita dai ba marowaciya ba ce, rowar ta mai ita ce. Malam ya tsara ta yadda duk mai son sauraro sai ya zo zaure, ya tuɓe takalmi, ya haɗa wayarsa da ita, ya ji, ya tashi bai tafi da ko harafi ba. Hujjarsa ita ce a gaban malami ake ɗaukar karatu, ba a aljihu ba. Ƙanwarsa Zakiyya, wadda aikin kwamfuta take yi a Kaduna, ta sha roƙonsa a rarraba karatun a kwamfutoci daban-daban, gida-gida, in ɗaya ta faɗi sauran su riƙe. Malam ya saurare ta da haƙuri irin na yayye, washegari ya ƙara wa zauren kwaɗo.

Za a daɗe ana tuna "ɗit" ɗinta na safe, da "huuu" ɗin fankarta. Ciwon ajalinta ya faro ne da damina, lokacin da indararo ya toshe, soro ya fara yoyo. Malam ya ji tausayinta, ya lulluɓe ta da bargo kamar yadda ake yi wa tsoho, ya toshe mata kafar numfashi bai sani ba. Zazzaɓi ya rufe ta, ta yi ta "ƙas-ƙas-ƙas", shi kuwa yana ƙara gyara mata lulluɓi. Mai gyara ya duba ta, ya girgiza kai. Faifan ajiyarta ya tafi da duk abin da ke cikinsa, har da muryar mahaifin Malam.

Ta rasu ta bar allonta, wanda yanzu ba ya nuna komai sai fuskar mai laifin, da na'urar haɗa wayoyi da ke ta ƙyafta ido tana neman uwarta. Ta kuma bar 'ya'yan da Malam bai taɓa yarda nata ba ne. Waɗannan su ne darussan da wasu ɗalibai da matan cikin gida suka riƙa naɗa a ɓoye da waya ta biyu, ya kama wasunsu ya yi musu tatas. Yau darussan nan kaɗai suka rage.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar, a ɗauke ta a keke napep zuwa wurin 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa. Ba a bukatar kawo abinci. Masu ta'aziyya su zo da wayoyinsu, kuma duk wanda ya taɓa satar darasi an yafe masa, har ana gode masa. Zakiyya za ta tattara abin da aka samu ta raba gida-gida, Malam ba zai ce uffan ba.

Akwai darasi ɗaya da yake nema fiye da sauran, kuma kewarsa ta hana shi sukuni. A babin taimama ne, inda tsohon ya tsaya ya yi tari, ya ce, "Zailani, buɗe ƙofar nan mutane su shigo." Wanda Allah Ya sa yake da shi, don Allah ya zo da wuri.