Wani Yaro a Gidanmu

Ba zan taɓa mantawa da taron nan na ranar Laraba ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina.

Ni ne sakataren ƙungiyar ma'aikata a wurin aikinmu, kuma kowa ya san halina: in na riƙe makirufo, ba na saki sai an ɗauke wuta. An tara mu ne mu rubuta abubuwan da muke so a ƙara cikin inshorar lafiya, wadda ake yanka daga albashinmu duk wata. Wasu suka ce tabarau, wasu cire haƙori. (Ni maganin basir na zo nema, amma na ce "wasu abokan aiki" ne ke fama.)

Sai Hajiya Rabi ta ofishin rajista ta miƙe. Mace ce mai kawaici, shekara da shekaru ban taɓa jin muryarta a taro ba. Kanta a ƙasa ta ce, "Akwai wani yaro a gidanmu mai lalurar da likitoci ke ce ma otizim. Shekararshi shida, bai magana sosai, bai son hayaniya. Duk wata sai an kai shi Kano wurin masu koyar da magana, inshora kuma ta ce babu wannan a tsarinta. In ba a sa ba, gaskiya za a daina kai shi."

Ni kuwa na ɗauka ɗan wata 'yar haya ne a gidansu. Na gyara hula, na karɓi makirufo.

"Hajiya," na ce, "ki je ki gaya ma uwar yaron nan gaskiya. Ba ciwo ba ne, sakaci ne. Matan yanzu sai su miƙa ma yaro waya su koma kallo, in ya ƙi magana a ce inshora ta biya. Uwar ce ke buƙatar magani!"

Maza biyu a baya suka yi dariya, kaina ya ƙara kumbura. Ɓangaren mata ya yi tsit, na ɗauka ƙarfin hujjata ne ya kashe musu baki. Shugabanmu Alhaji Mande yana ta jan gefen rigata, na ɗauka makirufo yake so, na matsa gefe na ci gaba. A ƙarshe aka ce a ajiye maganar, kuma da birona na soke ta daga takarda. Hajiya Rabi ta ɗauki jakarta ta fita.

A baranda Alhaji Mande ya riƙe ni. "Kai, wai ba a Katsina aka haife ka ba? Ɗanta ne na fari. So kake ta tsaya gaban maza ta ce 'ɗana'?"

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Ni da har mahaifiyata ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan babban yayanmu ba, sai dai "wancan"! Ni da na ɓoye basir ɗina bayan "wasu abokan aiki" ko minti goma ba a yi ba!

Ranar Asabar na tasa matata gaba don ta zame min garkuwa, muka nufi gidansu a Ƙofar Durbi. Na rangaɗa sallama irin tawa, yaron da ke zaune a bakin ƙofa ya toshe kunnuwansa da hannu biyu. (Cikin daƙiƙa ɗaya ya gane abin da ofishinmu ya kasa gaya min shekara goma.) Da muka shiga, ya ɗauki takalmanmu ya jera su tsaf, manya da ƙanana, ya koma wurinsa.

Bayan doguwar gaisuwa na fara kame-kame. Hajiya ta katse ni. "Malam, zagin bai dame ni ba, na sha jin irinshi har a dangi. Kalma huɗu ya iya yanzu, kuma kowace ɗaya sai da muka yi watanni muna bin hanyar Kano. Kai da kake da dubu, ga abin da ka yi da su." Sannan ta ce, "Na yafe, amma bakin da ya kashe maganar, shi zai tashe ta."

A taro na gaba na miƙe na janye kalamaina gaban kowa, na sake rubuta buƙatar a layin farko, sama da tabarau, sama da basir. Har yanzu ba a amince ba, amma babu taron da ba na tayar da ita, har an fara kirana Malam Otizim, kuma ina amsawa.

Yanzu duk wadda ta sunkuyar da kai ta ce "wani yaro a gidanmu", makirufo nake fara ajiyewa. Mai kalma huɗu ne ya koya min haka.