Lasifikar Malam Sani

Ko da zan manta duk abin da na karanta a jami'a (kuma na yi nisa a wannan aikin), ba zan taɓa mantawa da wannan dare ba.

Saura kwana uku jarrabawar ƙarshe, mu kuma a unguwar Kabara kwananmu huɗu babu wuta. Masallacin layinmu kaɗai ke da ƙwan sola. Sai da na yi wa ladaninmu, Malam Sani, magiya har da durƙuso kafin ya ba ni makulli. "Karatu kawai," in ji shi. "Na ji wata shiririta, na karɓe abina."

Tun ina makarantar allo nake da wata ɗabi'a: karatu ba ya shiga kaina sai na toshe kunnuwa da yatsu ina yi da ƙarfi. Na baje littattafai a gaba, kusa da wurin liman, inda hasken ya fi yawa. Wajen ƙarfe biyu kai ya ɗauki zafi. Littafi na gabana, yatsu na kunne, baki kuwa ya kama gabansa.

Na fara da kalmar "sannu". Mai aiki sannu, mai ciwo sannu, wanda ya yi tuntuɓe sannu, wanda ya ƙoshi ma sannu. Bature sai ya kwaso kalma biyar kafin ya kai nan. Na yaba wa kakanninmu bisa tattali. Daga nan na tambayi kaina me ya sa ake cewa "ba gajiya", alhali ga ni nan kamar an daka ni a turmi.

Ina cikin haka fanka ta fara juyawa. Na yi hamdala, an kawo wuta, na ci gaba. Abin da ban sani ba, ranar da aka ɗauke wutar Malam Sani na tsakiyar kiran salla ne, kuma bai kashe na'urar lasifikar masallacin ba. Makirufo kuwa na rataye daidai kaina.

Daga harshe sai na gangaro kan masu harshen. Na yi sharhi kan gaisuwar Alhaji Uba mai shadda, wanda zai tambaye ka gida, iyali, kasuwa, sanyi, sannan ya sake komawa gida kamar ya yi mantuwa a can. Na ƙiyasta cewa in ya fara gaishe ka a Ƙofar Wambai, sai dai ku ƙarasa a Dukawuya. Na tambayi ko ƙosan Hajiya Yalwa azumi yake yi da kullum yake ramewa. Na rufe da kwaikwayon gyaran muryar Malam Sani kafin kiran salla, sau uku, har da ƙaramin tarin nan na ƙarshe.

Sai na ji hannu a kafaɗata. Na zare yatsu daga kunne, daidai lokacin da tarin nawa ke dawowa daga saman rufi, ya zaga unguwa.

Malam Sani ne da cocila. Bayansa mahaifina, ko hula bai tsaya sawa ba.

"Malam ɗan boko," ya ce, "a shafa fatiha ne, ko da saura?"

Ya miƙo tafin hannu, na ɗora masa makullin. Baba ya juya ya nufi gida, na bi shi a baya.

Da asuba na laɓe a sahun ƙarshe, ina lissafin yadda zan yi karatun kwana uku da fitilar waya. Ana sallamewa Malam Sani ya yafito ni, ya cusa mini makullin a aljihu.

"Jama'a sun roƙa maka," ya ce ƙasa-ƙasa. "Shekara ashirin ana neman wanda zai gaya wa Alhaji Uba gaskiya. Amma ni gyaran muryata sau biyu ne, kada ka ƙara mini."

Na ci jarrabawar, ba da wani abin a zo a gani ba. Ilimin da ya zauna mini dai shi ne, mutum ya yi tunaninsa da baki a rufe. In kuma ba zai iya ba, irina, to ya fara duba soket.