Nomau Mai Gadin Filin Kokawa

A ƙauyen Tudun Ɗorawa akwai wata tsohuwa, Inna Tasalla, da 'ya'yanta maza biyu. Babban, Jatau, ɗan kokawa ne. Ƙaramin, Nomau, Allah ya ba shi ƙarfi kamar na sa, amma wajen hankali sai a yi shiru. Ba ya ƙiwa, ba ya gardama. Abin da ka faɗa masa shi zai yi daidai yadda ya fito daga bakinka, ko da garin zai kife.

A kakar da nake ba ku labari, gidan babu walwala. Shekara da shekaru wani Barmo na Kurmin Gawo yake kayar da Jatau, har yara suka sa shi a waƙa. Jatau ya ce mutumin ba ya riƙuwa, da ka cafke shi sai ya sulluɓe kamar tarwaɗa. Mutane suka ce ai laya ce. Baƙin ciki ya ci Jatau, ya rantse in Barmo ya sake kai shi ƙasa bana, zai bar garin, ba kuma zai waiwayo ba. Inna ta san ɗanta ba ya magana biyu, kullum gabanta faɗuwa yake yi. Nomau kuwa ya ƙudura a ransa cewa yayansa ba zai je ko'ina ba, ya kama taimako ba ji ba gani.

Wata rana Jatau ya miƙa masa warkin da yake ɗaurawa in zai shiga fili, ya ce, "Ajiye min inda ƙura ba za ta taɓa shi ba." Nomau ya zagaya gida, ko'ina ya shafa sai ƙura. Ƙarshe ya buɗe randa ya nutsar da warkin, ya rufe da faifai. Da aka tsamo shi ya bushe, sai ya sandare kamar ƙirgi, ruwan shan gidan kuma ya koma warin jima. Inna ta ɗora hannu a ka. Nomau ya ce, "Ku duba da kyau, Inna, akwai ƙura a jikinsa?" Babu kam, sai dai Jatau ya je aron warki.

Wata rana kuma Jatau, don tsoron sammu, ya ce masa, "Ka tsare min furar nan, kada ka bar kowa ya taɓa." Ya tafi atisaye, ya dawo a gajiye da ƙishirwa, ya kai hannu zai ɗauki ƙwarya. Nomau ya riƙe hannun.

"Yaya, ka ce kowa."

"Ni ne fa na ce, sakarai."

"Shi ya sa ba zan saɓa ba."

Suka kama kokawa a tsakar gida, kaji suna watsewa. Jatau bai kai ga furar ba sai da ta yi tsami, amma maƙwabta sun ce duk kakar bai yi atisaye mai kyau irin na ranar ba.

Wata rana Baba Arzika, sarkin wasan garin, ya ga gara a ba Nomau aiki a waje kafin ya ƙarasa yayansa. Ya kai shi filin kokawa ya ce, "Share shi tas, ina son in ga ƙasa fes." Nomau ya share kara da kashin awaki, ya duba, ya ga yashi ya rufe ƙasar. Ya kwashe yashin nan kaf da kwando ya kai rafi, ya bar fili da tauri kamar daɓe. Samarin gari suka wuni suna jido yashi a ka suna tsine masa, shi kuma yana gaba da kwando mafi girma, yana yi musu sannu.

Wata rana, ita ce ranar karawa, gari ya cika, ganguna suna tashi. Baba Arzika ya yi shela cewa ba a son ƙazamin wasa, abin da yaran ƙwallo suke kira fawul: ba cizo, ba yakushi, ba watsa yashi a ido. Sannan ya tsayar da Nomau a bakin fili ya ce, "Kai kuma kada ka bar komai mai datti ya shigo nan." Awaki yake nufi, da yara masu ɓawon rake. Nomau ya ruga gida ya dawo da bokiti, da soso, da sabulun salon Inna.

Jatau ne ya fara zuwa, ƙafafunsa furu-furu. Nomau ya tare shi. Jatau ya san halin kayansa, ya tsaya aka cuɗe shi jama'a suna dariya. Sai ga Barmo, makaɗa na biye, jikinsa buɗu-buɗu da ƙasa tun daga wuya har ƙauri.

"Tsaya a wanke ka," in ji Nomau.

"Kauce min, mahaukaci."

Nomau bai ji haushi ba. Ya dai rungumo shi ta baya, ya ji yana zamewa, sai ya kama warkinsa da hannu ɗaya ya kwara masa ruwa. Ƙasar ta wanke, amma ruwan ya ƙi kama fata, yana gangarewa ɗigo-ɗigo. Nomau ya sa soso ya dirje shi, ya matse a bokiti, maiƙo ya taso ya rufe saman ruwan. Baba Arzika ya tsoma yatsa ya shinshina. Man kaɗe ne Barmo yake laftawa, ya bi shi da ƙasa don kada ya yi ƙyalli. Ganguna suka tsaya. Mutanen Kurmin Gawo suka sunkuyar da kai don kunya.

Baba Arzika ya ce a kori Barmo. Jatau ya ce, "A'a, Baba. In an kore shi, za a ce ban kayar da shi ba. Nomau, ƙarasa aikinka." Nomau ya ƙarasa, har bayan kunne. Jatau da Barmo suka shiga fili, Jatau ya kai cafka, hannunsa ya zauna daram. Ba a jima ba gadon bayan Barmo ya taɓa yashi.

Inna ba ta iya zuwa kallo ba, tana zaune a ƙofar ɗaki tana jiran labari. Nomau ya shigo yana jan ƙafa, fuska a murtuke, ta ji kamar ranta zai fita.

"Inna, sabulunki ya ƙare. Ki yafe min."

"Yayanka fa?"

"Yana zuwa, a kafaɗar mutane. Ya ce ki ajiye masa tuwo, gobe da sassafe za mu yankan dawa."