Rasuwar Dogo, Bakan Mahamudu na Tremont

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani ɗan zargi da ya ƙi kwanciya, Mahamudu na unguwar Tremont a birnin New York yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar bakansa na farauta, wanda aka fi sani da Dogo. Ya rasu a dajin jihar Wayomin, nesa da gida, a fitarsa farauta ta farko, bai taɓa ɗanɗana jinin dabba ba.

Marigayin ya zo hannun Mahamudu ne daga wani shagon kayan gwanjo, da ɗan shekarunsa amma lafiya lau. Baka ne irin na nan ƙasar, katako falle-falle da aka manne da gam. Mai haƙuri ne. Ya sha shiga jirgin ƙasa a cikin jaka, mutane suna zaton garaya ce, bai taɓa musa musu ba. Duk Lahadi, in Mahamudu ya huta daga wankin mota, sukan je filin koyon harbi, inda marigayin ba ya cewa komai sai "tum". Ko kibiya ta sami allo ko ta wuce ta gefe, "tum" ɗin nan ne dai, babu gori a ciki.

Ga yadda ajali ya zo. Bayan an sami takardar izinin farauta, mutum uku suka kama hanya a mota: Mahamudu, da Sulaimanu mai tuƙi, da Yaya Abukari, mutumin Kumasi, wanda ya ba Mahamudu wurin kwana tun ranar da ya sauka New York, kuma tun daga ranar a tire ɗaya suke cin abinci. Ƙasar da suka je busasshiya ce mai jan yashi, fili fetal, babu itacen da zai ɓoye ko akuya, sai wasu ciyayi masu ƙamshin tazargade. Barewar wurin tana da farin gindi da ƙaho mai reshe, tana hango mutum tun yana ɗigo. Ba a bin ta. A bakin tafki ake kafa 'yar bukka, a zauna, a jira ƙishi ya kawo ta.

Mahamudu ya zauna. Rana ta fito ta faɗi, ta sake fitowa, yana zaune. Da hantsin ranar ƙarshe namiji ɗaya ya zo, ya tsaya, ya duba gabas da yamma, ya sunkuya zai sha. Mahamudu ya ɗana kibiya, ya ja tsirkiya a hankali. Marigayin ya ce "ƙarrr", abin da bai taɓa cewa ba. Sannan ya ce "ɓas", ya rabu falle-falle a hannun mai shi. Barewa ta ɗaga kai ta dube su, ta tafi abinta. Tana nan da ranta.

Masu zuwa gaisuwa suna ta cewa zafin rana ne. Mahamudu bai yi karatu mai nisa ba, ba zai yi jayayya da kowa ba. Sai dai yana da hanci. Da ya ɗauki gawar, ƙamshin turaren wuta ya ji, irin wanda Anti Salamatou, matar Yaya, take haɗawa. A cikin marigayin kuma akwai baƙin hayaƙi, daidai inda gam ya saki. Baka ba ya shan taba.

Da farko ya zargi Sulaimanu, ko ya rufe Dogo a mota cikin rana. Amma Sulaimanu ko kusa da marigayin ba ya zuwa, tsoronsa yake ji. Sai Mahamudu ya tuna cewa a hanya Yaya ya yi ta ba da labarin kakansa maharbi, wanda ba ya shiga daji sai ya turara bakansa a kan garwashi, don kada dabba ta ji warin ɗan Adam. Ya tuna kuma ana gobe rasuwar shi Mahamudu ya tafi ɗebo ruwa da azahar, ya bar marigayin a rataye, ya dawo ya same shi a jingine, jikinsa da ɗumi. Bakan kaka itace guda ne, wuta ba ta yi masa komai. Dogo kuwa gam ne ke riƙe da ransa.

Da aka dawo gida aka tarar Anti tana ta cigiyar kaskon turarenta. Washegari sai ga shi a ƙasan gado, da jan yashi a gindinsa. Tremont babu jan yashi. Tun daga nan kuma Yaya yake turo wa Mahamudu tsokar nama gefensa a tire, ba ya haɗa ido da shi. Mahamudu bai ce wani ya yi wani abu ba. Ya san in ma an yi, don a taimake shi aka yi. Amma loma ta daina wuce masa, kuma ba ya son ya koma cin abinci a kwano shi kaɗai.

Marigayin ya bar tsirkiya, wadda ta zama bazawara, da kwari, da kibau marayu, ɗaya a cikinsu ta karkace don baƙin ciki.

Ba za a jefa shi a shara ba. Za a rataye shi a saman ƙofar falo ranar Lahadi bayan la'asar, a nan gidan Yaya Abukari, kuma a nan za a karɓi gaisuwa. Ana roƙon jama'a kada a kunna turare. Za a kawo wake da shinkafa a tire ɗaya kamar kullum, an kuma bar wa Yaya wurinsa a hannun daman Mahamudu. Ba za a tambayi kowa komai ba. Mahamudu dai ba zai sa hannu a tire ba sai wanda ya san yadda aka yi ya faɗa da bakinsa, yafiya kuwa tana nan a ajiye tun a daji. In abincin ya huce, ya huce. Wanda ya zauna a bakin tafki yana jiran barewa ba ya sauri.