Ranar da Na Kai Farin Ƙyalle Gidan Malam Sale

Ba zan taɓa mantawa ba, an yi wani zamani da duk ƙasar Gumel babu mahalukin da sauro yake tsoro kamata. In na taka ƙafa a Sule Tankarkar, sauron Maigatari tattara 'ya'yansa yake yi ya tsallaka Faransa (haka muke ce wa Nijar a lokacin). Haka nake faɗa a majalisa, kuma haka na yarda, har ranar da zan ba ku labari.

Shekarun da aka bar fam da sule aka koma naira ne, muna cikin Jihar Kano. Wasu likitoci suka zo yankinmu binciken zazzaɓin cizon sauro. Cewa suka yi sauron ɗaki ba iri ɗaya ba ne, ita kanta ƙwayar cutar da ke cikinsa dangi-dangi ce, suna so su san wace iri ce a wane ƙauye. Aka ɗauke ni aiki don na gama firamare kuma ina da keke. Aikin ga shi: da safe mu shiga ɗakin da aka kwana, mu fitar da mutane da randa da kwanuka, mu shimfiɗa farin ƙyalle ya rufe ƙasa kaf, mu toshe ƙofa, mu fesa magani. In sauro ya zubo mu tsince shi da hantsaki mu zuba a gwangwani, a kai wa likitocin su feɗe shi a ƙarƙashin madubi. (Eh, feɗe sauro. Har yau in na faɗa sai a ce wane ya fara zuba.)

Iyakar likitancina ke nan. Amma a unguwarmu duk wanda bai ce mini Likita ba, ko gaisuwarsa ba na amsawa da kyau.

Abokin aikina wani dattijo ne, Malam Iro. Shi kullum dunƙule ƙyallen yake yi ya cusa a buhu, duk ya yi duƙun-duƙun, sai mun shiga ɗaki yake fito da shi. Abin yana ba ni haushi. Wata rana a ƙarshen damina zazzaɓi ya kayar da shi (sauro ya rama), aka ce in je ni kaɗai wani ƙauye bayan Gagarawa Tasha. Na ce yau za a ga aiki irin na 'yan birni. Na wanke ƙyallen, na sa masa bula, na kai wa mai guga, na ninke shi tsaf na ɗaure a kariyar keke. Fari fat, yana ɗaukar ido tun daga nesa.

Ƙa'ida ita ce a fara sauka wurin mai unguwa, shi ya raka mu. Ni kuwa na ce Likita guda ba ya neman ɗan jagora. Gidan da aka ce in shiga na wani Malam Sale ne, don haka da na iske mata a rijiyar bakin gari sai na tsaya, ƙafa ɗaya a ƙasa, na ce, "Sannunku da aiki. Ina ne gidan Malam Sale?"

Suka dubi kariyar kekena, suka dubi juna. Wata ta saki guga ya faɗa rijiya da igiyarsa, wata ta ɗaga hannu ta nuna mini hanya tana salati. Ni a raina na ce ai dole, ba su taɓa ganin saurayi da agogo ba.

Abin da ban sani ba, Malam Sale ya yi kwanaki a kwance, zazzaɓi ya ci ƙarfinsa, gari duka an sa masa ido. Ƙanensa ya tafi neman wanda zai zo daga asibiti bai dawo ba. Matarsa Kulu ta fita tun asuba ƙauyen gaba karɓo jiƙo. Ga kuma baƙo a kan keke da farin yadi ninke, yana tambayar gidan. Ko kai ne me za ka ce?

Na yi sallama, wata tsohuwa ta fito tana dafa bango. Mahaifiyarsa ce.

"Ɗan nan, kai ne likitan da aka je nema?"

Da na san abin da ke gaba da na ce a'a. Na gyara wuyan riga na ce, "Ni ne, Iya."

"Alhamdu lillahi! Shigo, ɗan albarka. Shi ke ciyar da mu duka, ga gero ya nuna a gona babu mai yanka."

Ta kai ni ɗakin. Yana kan tabarma, an lulluɓa masa bargo da buhu, haƙoransa suna kaɗawa, leɓɓansa sun bushe sun tsage. Na ga abin ya fi ƙarfina, amma bakina ya riga ya kai ni inda ba zan iya juyawa ba. Sai na yi abin da na iya. Na ce a fitar da shi waje. Ni da tsohuwa muka kama shi muka kwantar a inuwar rumbu, tana ta sa mini albarka, a zatonta farkon magani ke nan. Na koma ɗaki, na shimfiɗa ƙyallena, na saki asabari, na kama feshi.

Ina durƙushe ina tsintar sauro na ji ihu daga bakin gari yana matsowa. Kulu ce. Labari ya tare ta a hanya. Ta faɗo gidan babu mayafi, ƙwaryar jiƙon ta fashe tun a zaure, mata na biye da ita suna kuka. Ta hango ɗaki a rufe, ga gefen farin ƙyalle ya leƙo ta ƙasan asabari. Ba ta ƙara taku ɗaya ba, ta zube a tsakar gida tana kiran sunan Allah.

Can daga bayan rumbu, inda babu wanda ya duba, sai wata murya ta fito, siririya kamar ta jariri.

"Kulu... wa ya rasu?"

Gidan ya yi tsit. Wallahi har kaji sai da suka daina tono.

A daidai lokacin na ɗaga asabari na fito, hantsaki a dama, gwangwani a hagu, ina tari saboda warin magani. Liman yana bakin zaure da dattawa a bayansa. Ashe har an tura samari maƙabarta da diga, sai da aka aika a ce su tsaya su mayar da ƙasa.

Liman ya ce, "Samari, kai wane ne? Me ka zo yi?"

"Allah gafarta Malam, sauro na zo kamawa."

"Sauro."

"Eh. Za a kai shi a feɗe, a ga irin cutar da ke cikinsa."

Ya leƙa gwangwanin, ya daɗe yana kallo. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ita Iya ba ta bi ta kan wannan ba. Ta matso ta kama hannun rigata.

"To ɗan nan, an gama na ɗakin. Ina na shan? Ko allura za ka yi masa?"

Na sa hannu a aljihu, kamar wani abu zai tsiro a ciki. Ɓarin goro ne da ɗan madubin duba fuska. Ko ƙwayar magani ɗaya ba ni da ita. Na ce, "Iya, ni ba irin wannan likitan ba ne." Ta saki rigata a hankali, ta koma gindin rumbu ta zauna kusa da ɗanta, ta ɗora tafinta a goshinsa.

Aka ɗora shi a jaki, mutum biyu suna tallafe da shi, aka nufi tasha ko za a dace da motar Gumel. Ni ina baya ina tura keke. Ƙyallen kuwa na dunƙule shi na cusa cikin riga, cikina ya yi tulu, na kasa haɗa ido da kowa. Tun daga ranar na gane, in za ka shiga garin mutane, ka fara tambayar wa ke kwance kafin ka tambayi ina ne gida. Na kuma koyi faɗin "ba ni ba ne" da wuri, tun ba a sa mini albarka ba.

Malam Sale bai tashi ba. Bayan 'yan kwanaki aka dawo da gawarsa. Malam Iro, da ya ɗan warware, ya ce dole mu je ta'aziyya. Na kawo dalilai sun fi gashin kaina yawa, bai saurari ko ɗaya ba. Muka yi wa maza gaisuwa a waje, ƙanen mamacin ya shiga da mu wurin tsohuwa. Na durƙusa daga baya-baya, na sunkuyar da kai, ina addu'a kada ta gane ni.

Ta amsa gaisuwar Malam Iro, sannan ta leƙa ta gefensa.

"Wannan ba mai sauron nan ba ne?"

"Ni ne, Iya. Allah Ya ji ƙansa."

"Amin." Ta share ido da bakin zane. Babu faɗa a muryarta ko kaɗan. "Kai dai ɗan nan ba ka iya zuwa a kan lokaci ba. Ranar da ka kawo farin ƙyalle ba mu da gawa. Ranar da muka yi gawa kuma, sai da aka bi gida-gida ana neman ƙyalle."