Yadda Gidajen Sauronmu Suka Tafi Kogi

Tun da zazzaɓin cizon sauro ya ɗauke ɗanmu Sani, na koma karanta duk abin da ya shafi sauro a waya. Wata rana na ci karo da mujallar kimiyya da ake karantawa kyauta. Kanun wani labari a cikinta ya ce sauro ya fara jure maganin da ke jikin gidan sauro. Turancina na firamare ne, amma na tabbata na gane komai.

Na kwance gidajen sauronmu, na ba masunta, na koma turara ƙaiƙayin shinkafa. Har jama'a na gargaɗa bayan La'asar.

Ba a daɗe ba jikin 'yarmu Hauwa ya yi zafi. Na kai ta asibiti a Kaoje. Na nuna wa malamin asibiti labarin a wayata, ya karanta shi har ƙasa.

Ya ce, "Malam, cewa suka yi a ci gaba da kwana cikin gidan sauro. Ina naku?"

Na ce, "Suna kogi."

Hauwa ta warke, alhamdu lillahi. Amma har yau masunta kan ce, "Likita, ba wani sabon bincike? Tarunmu ya yage."